Ɗawafin Da Ban Raka Sa'idu Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Talata, mun sauko daga sallar La'asar ke nan. Mu biyar ne a falon gidan da muke haya a unguwar Rusaifa, nan Makka. Ni ina gaban keken ɗinki ina kafa wuyan wata jallabiya. Mahaifiyarku Rabi, Allah ya jiƙanta, tana zaune a ƙasa tana tsince shinkafa. Kai Abdullahi ka dawo daga aiki, ko shimagin da ka yafa a ka ba ka cire ba. Ke Safiya kina bakin ƙofar kicin riƙe da butar shayi. Autanku Sa'idu yana tsaye a tsakiyar ɗaki da jakar wasansa a kafaɗa, yana da shekara goma sha tara. Na lissafa ku ɗaya bayan ɗaya ne don kada wani ya ce ba ya nan.

Sa'idu ya ce, “Abuya, sun amsa. Sun ce in zo.”

Mahaifiyarku ta ɗago kai ta ce, “Su wa suka amsa?”

Ya ce, “Mutanen Nijar, Ummi. Suna so in yi musu wasa.”

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya ƙaramar 'yar Safiya ta hau cinyata ta tambaye ni da Larabci, wai me ya sa na kori kawunta Sa'idu daga Makka. Yarinyar da ba ta kai shekara bakwai ba ba za ta ƙirƙiro wannan magana ba, a gida ta ji ta. To tunda abin ya kai ga jikoki, zan jera muku yadda aka yi, daga farko zuwa ƙarshe. Da Hausa na rubuta, domin da ita aka yi yawancin maganganun. Wanda bai iya karantawa ba ya nemi a karanta masa.

Farkon abin daga mahaifina ne. Ya bar Damagaram a ƙafa shi da mahaifiyata, suka ratsa Chadi, suka yi shekaru suna aikin auduga a Sudan suna tara guzuri. A can aka haife ni. Da goyo aka ƙetare teku da ni, don haka ban san wata ƙasa ba sai wannan. Lokacin da maƙwabtanmu suka je suka yi rajistar zama 'yan ƙasa, mahaifina bai je ba. Ya ce shi baƙon Allah ne, kuma mai gidan ya san da zuwansa. Shi ya sa har yau Abdullahi katin iƙama, wato izinin zaman baƙo, yake riƙewa, fasfonsa kuwa na ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mahaifina ya bar mana wata doka kuma. Duk shekara alhazan garinsu suna sauka wurinmu, in za su koma sai ya raka su Harami su yi ɗawafin bankwana, amma shi ba ya shiga tare da su. A bakin ƙofa yake zama ya tsare musu takalma. Na tambaye shi dalili ina yaro, ya ce, “Su ne masu tafiya. Mu ba mu zo da niyyar komawa ba. Ɗan gidan nan ba ya yi wa Ɗaki bankwana.” Na san malamai suna da nasu bayani a kan wannan, ban ce hukuncin addini ba ne. Dokar gidanmu ce, a kanta na tashi, kuma ban taɓa ganin wani daga cikinmu ya karya ta ba.

Na biyu, wasan. Tun Sa'idu yana ƙarami ba ya tafiya yadda mutane suke yi. In an aike shi shago, da alkafura yake sauka matakala. Malamin motsa jiki na makarantarsu ya kai shi kulob, inda ake koyar da abin da mutanen nan suke kira jumbaz. Da fari na hana, don a ganina wasan banza ne. Mai horar da su, wani Bamasare da suke ce wa Kaptin, ya zo har shagona ya ce in zo in gani sau ɗaya, in ban yarda ba shi ke nan. Na je. Abin da na gani ya saɓa da abin da nake zato. Yaro yana shafa farin gari a tafin hannu, ya tsaya a miƙe, ya ɗaga hannu ya gai da alƙalai. Sannan ya hau sanduna biyu da aka jera a kan ƙafafun ƙarfe, ya yi juyi na farko, na biyu ya biyo baya, babu wanda yake shiga gaban wani. A ƙarshe ya saki sandunan ya wuntsula a sama ya dira a katifa, ƙafafu a haɗe, ya tsaya cak. Kaptin ya ce mini in ƙafa ta motsa ko taku ɗaya bayan dira, an rage maki. Ni tela ne. Na san aikin da ake farawa daga awo a ƙare da guga, kuma na san ƙarshen ɗinki shi ke nuna mai shi. Daga ranar ban sake hana shi ba, ni na koma ɗinka masa fararen wandunan da suke sawa, masu igiya a ƙarƙashin tafin ƙafa.

Ya yi ta cin wasannin kulob a nan da Jidda da Ɗa'if. A shekarar da nake ba ku labari aka kira shi sansanin da ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Ya je, ya yi abin da ya iya, aka yaba. Da aka zo rubuta sunaye aka ce kowa ya kawo katin ɗan ƙasa, shi ya miƙa iƙama. Mutumin da ke rubutun bai ci masa fuska ba, har haƙuri ya ba shi, ya ce doka ce, ba a ɗaukar tutar ƙasa sai ɗan ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Sa'idu ya dawo ya shige ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Kaptin ne ya ce masa ai kowane fasfo yana da tuta, ya nemi masu tasa. Amsar da suka ba shi ita ce ya kawo mana a wannan Talatar.

Kai Abdullahi ka fara magana. Ka yi dariya ka ce, “Kai da ko Hausar kirki ba ka iya ba? In sun ce maka ina gajiya, ka ce musu alhamdulillah, ɗayyib?”

Ya ce, “A kan sanda ba a magana, Yaya.”

Mahaifiyarku ta ajiye farantin ta ce, “Wa muka sani a can? Wa zai ba ka abinci? Malam, ka yi masa magana mana.”

Ke Safiya kika ce, “Ummi, wata nawa ne duka? Ya je ya dawo.”

Duk kuka juyo kuna kallona. Ban yi sauri ba, sai da na kai ƙarshen layin da nake ɗinkawa na yanke zare. Sannan na ce masa, “In ka sha shayinka, zo in gwada ka. Kafaɗarka ta ƙara faɗi.” Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Mahaifiyarku ta tashi ta shige kicin da shinkafarta.

Na ɗinka masa wando uku da rigar sanyi ɗaya mai zip. Ya ce yana so in sa masa tutar ƙasar a ƙirji. Na tambayi wani ɗan Maraɗi mai sayar da turare kusa da shagona, ya ce kala uku ce, ruwan goro da fari da kore, da ɗigon ruwan goro a tsakiyar farin. Ban tambaye shi wanne ne a sama ba, don a raina ba abin tambaya ba ne. Mutumin da ya tashi a nan, inda tutar ƙasa koriya ce, bai taɓa ganin an sa kore a ƙarƙashin wani abu ba. Na ɗora kore a sama, na yi masa ɗinki biyu don kada ya ɓalle.

Aka yi masa bizar fita da dawowa, mai wa'adi. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya: iƙamarsa a ƙarƙashin tawa take, in wa'adin ya cika yana waje, ta mutu, kuma ba shi da sauran haƙƙin zama a garin da aka yanke masa cibiya.

Ranar tafiya da hantsi ya shirya, jaka tana bakin ƙofa. Ya zo ya durƙusa gabana ya ce, “Abuya, ina so mu je Harami tare. In yi ɗawafin bankwana kana gefena.”

Na ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Ya ce, “Kowa in zai yi tafiya mai nisa yana yi.”

Na ce, “Kowa ba ɗan gidan nan ba ne. Ba zan je ba.”

Ya daɗe a durƙushe. Mahaifiyarku ta ce, “Malam, don Allah.” Na ja kujera na zauna gaban keke na zura zare. Ya tashi ya tari tasi ya tafi shi kaɗai, ya yi ɗawafinsa, Abdullahi ya same shi can ya wuce da shi Jidda. Abin da kuka gani ke nan, kuka ce fushi ne. Ba fushi ba ne. In da ina fushi da tafiyar da ban zauna na ɗinka masa kaya ba. Na ƙi ne domin a wurina wanda ya yi wannan ɗawafi ya yarda ba zai dawo ba, ni kuwa ban yarda ba. Na ɗauka in ban raka shi ba, tafiyar za ta zama irin ta Jidda ko Madina, a je a dawo a tarar da tuwo da ɗumi. Ban faɗa masa haka ba. A gidanmu ba a saba uba ya yi wa ɗa bayani ba.

Ya isa lafiya. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana kira. A kira na biyu yana ta dariya har ba na jin abin da yake cewa.

Ya ce, “Abuya, ka kifar musu da tuta! Koren a ƙasa yake.”

Na ce, “To su suka kifar da ita. Ka warware ka juya.”

Ya ce, “Ba zan warware ba. Har sun sa mini suna, wai Ɗan Makka mai tuta a kife.”

Ya ba mu labarin wurin. Ɗakin horon rufin kwano ne, katifun sun tsufa har sai an haɗa biyu, sandunan kuma wani mai walda ne ya gyara su. Abokan wasansa ba su kai yawan yatsun hannu ba. Ya ce sun karɓe shi, suna yi masa dariyar Hausarsa, suna kuma roƙonsa ya sa musu albarka tunda daga Makka ya fito. Gasar da suke shiryawa ta ƙasashen yankin ce, kuma lissafinmu shi ne a yi ta, ya huta, ya dawo da sauran lokaci a wa'adinsa.

Sai aka ɗaga gasar. Sabuwar ranar ta faɗa bayan cikar wa'adin. Abdullahi ya yi ta zirga-zirga a nan ko za a ƙara masa lokaci, abin bai yiwu ba, domin ita kanta iƙamar lokacin sabunta ta ya zo, kuma sai mai ita yana nan. Wannan Juma'ar da ya kira muryarsa ba irin ta kullum ba ce. Mahaifiyarku tana zaune kusa da ni, amma abin da nake faɗa kawai take ji.

Ya ce, “Abuya, in na tsaya gasar ba zan iya dawowa ba. In na dawo, ba su da wani a kan sanduna. Sun riga sun tura sunana.”

Na ce, “Kai me kake so?”

Ya ce, “Abin da ka ce.”

Na ce, “Ba haka na tambaye ka ba.”

Ina jin ƙarar babura a bayansa. Can ya ce, “Ina so in hau sau ɗaya a kira sunana da sunan wata ƙasa. Amma ina tsoro. Ka ce in dawo, wallahi gobe zan nemi jirgi.”

Na san gaskiya ya faɗa. Kalma ɗaya ce, da yanzu yana nan unguwar Shisha ko Ka'akiyya yana tuƙa mota ko yana tsaron shago, yana zuwa mini da 'ya'yansa duk Juma'a. Na kuma san irin zaman da ya yi a ɗaki bayan an mayar masa da iƙamarsa, na san haka zai zauna har tsufa. Ban da wannan, ni na koya muku duka cewa ba a karɓar yadin mutum a yanka sannan a ce an fasa. Mutanen can sun ba shi wuri sun dogara da shi.

Na ce, “Ka tsaya. Abin da ka fara ka ƙarasa shi.”

Mahaifiyarku ta ji “ka tsaya”, ta ɗora hannu a ka. Daga nan maganar kora ta samo asali. Ban gyara ba a lokacin, domin in na ce yaron ne yake so, shi za ta riƙe a zuciya, gara ta riƙe ni da nake kusa. Har yau ban ce shawarar kuskure ce ba. Na ce dai tana da tsada, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Bayan gasar, da aikin Hajji ya zo, wani alhaji ya kawo mana faifai daga wurinsa. Muka sa a talabijin. Ga shi nan cikin farin wandon da na ɗinka, ya ɗaga hannu, ya hau. Mahaifiyarku ta rufe ido duk lokacin da ya saki sanda. Ni ban ƙifta ba. Ya yi komai a jere, ya wuntsula ya dira, ƙafarsa ta dama ta ɗan matsa baya. Aka ba shi lambar tagulla, ta uku. Na ga an ja tutar sama, ruwan goro a bisa, kore a ƙasa, yana tsaye yana motsa baki don bai gama haddace taken ba. An ce mini ƙasar ba ta saba samun komai a wannan wasa ba. Ban bincika ba, ban san abin da ta ci kafin shi ko bayansa ba. Lamba ɗaya na sani. Da ya kira na ce masa, “Ƙafarka ta motsa.” Ya ce, “Abuya, mutane sun ɗauke ni a kafaɗa, kai kuma ƙafata ka gani.” Na ce, “Su ba su san aikin ba.” Ya yi dariya, daga baya na ji dariyar ta canza, sai na miƙa wa uwarsa wayar.

Sauran kun sani, amma zan faɗa don jerin ya cika. Ya yi wasa wasu shekaru, kafaɗarsa ta samu matsala, ya koma koyar da yara a Yamai, ya yi aure can. Mahaifiyarku ta rasu wata rana da safe, aka yi mata salla a Harami bayan Azahar, kafin La'asar mun dawo daga maƙabarta. A garin nan ba a jiran kowa. Sa'idu ya ji a waya bayan an rufe ta. Ku kuka yi aure kuka tashi, ni na dawo nan Ka'akiyya inda haya take da sauƙi, ɗaki biyu, ɗaya nawa, ɗaya na keken ɗinki da katifar da ba mai kwana a kanta. Ina dafa shayi a ƙaramar buta yanzu. Akwai ranakun da in ban da amsa sallama a masallaci ba na furta komai, Hausa kuwa sai in yi mako ban yi ta da kowa ba.

Sau ɗaya ya zo tun tafiyarsa, da bizar Umra, cikin ayarin mutanen Yamai. A otal ya sauka tare da su. Ya zo nan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsaya sai da na ce ya shigo, kamar baƙo. Hausarsa ta fi tawa yanzu. Ya zauna a ƙasa, muka yi maganar rasuwa, muka yi maganar zafi da tsadar kaya. Da zai tafi ya ciro lambar daga aljihu ya ajiye a kan keke, ya ce, “Wanda ya ɗinka wandon shi ya kamata ya riƙe.” Tana cikin durowar keken, tare da allurai da alli. Ranar komawarsu ya zo ya yi mini sallama. Na san daga nan Harami za shi. Na jira ya ce in raka shi, bai ce ba. Shi ma wataƙila ya jira in ce zan je, ban ce ba. Na leƙa ta taga har ya samu tasi.

Yanzu ya aiko cewa zai zo Umra cikin azumin nan da babbar 'yarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarku, wai ita ma ta fara hawa sanda. Gwiwoyina sun ƙare, masallacin unguwa ma sai da sanda ta hannu, likita kuma ya faɗa wa Abdullahi abin da yake zaton ban ji ba. Dokar mahaifina na riƙe ta iyakar ƙarfina. Shi ya yi ta ne don waɗanda suka zo, bai yi tunanin wata rana gidan zai haifi mai tafiya ba.

Ga abin da nake roƙonku, abu biyu ne, ku yi su a jere. Na farko, Safiya, kada ki bari su sauka a otal. Ki zo ki share ɗakin keke, ki shimfiɗa katifar, ki ba shi makullin gida a hannunsa tun daga filin jirgi don kada ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na biyu, Abdullahi, ranar da zai koma, ba zai tambaye ni ba, ni ma na san bakina ba zai iya ba. Kada ka jira ɗayanmu. Ka zo da mota da keken guragu tun da hantsi, ka ɗauke ni ka kai ni Harami, kada ka ajiye ni a bakin ƙofa wurin takalma. Ka shigar da ni har cikin masu ɗawafi, sannan ka saki keken ka ce wa ƙaninka ya tura.